Ƙarfe Nawa? Amsar Da Na Riƙe Wa Baba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, a asibiti, bayan jinyar kwana ashirin da shida. Shekarunsa saba'in da huɗu. Dukanmu na Allah ne, kuma gare Shi kowa zai koma. Ina shagona na walda ina yanka bututu aka yi ta kira, ƙarar inji ta hana ni jin wayar, sai da maƙwabcina mai gyaran firji ya zo ya taɓa mini kafaɗa. Na ɗaga gilashin fuska na kara wayar a kunne. Tun daga yadda matata ta yi sallama na gane, ba sai ta ƙarasa ba.

Baba, shekara goma sha ɗaya ina auren 'yarka, ban taɓa iya ce maka "kai" ba, kullum "ku". Sau nawa ka ce mini, "Mai walda, ni kaɗai ne a ɗakin nan, su wa kake haɗa ni da su?" Bakina ya kasa. Yau da takarda ce a tsakaninmu zan yi maka abin da ka roƙa, domin akwai tambayar da ka yi mini na ƙi ba ka amsa, kuma ta hana ni sakat.

Ga wanda bai san shi ba, Baba ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin gwajin ruwan famfo, yana auna abin da ke cikin ruwan da jama'a za su sha. Abokan aikinsa Ɗigo-ɗigo suke kiransa, saboda ba ya zuba komai sai ya ƙirga. Wani tsoho da suka yi aiki tare ya zo gaisuwa, ya ba mu labarin ranar da Baba ya koma ofis a ranar hutunsa, cikin ruwan sama, don kawai wata lamba da ya rubuta jiya ba ta kwanta masa ba. Ya sake awon, lambar ta fito daidai da yadda ya rubuta, ya kulle ƙofa ya koma gida a jiƙe. Tsohon ya share hawaye ya ce, "Mutane sun yi shekara talatin suna shan ruwa lafiya, ba su san idon wa ya bi ta kai ba."

Da ya yi ritaya bai rabu da ruwa ba, sai ya shigo da shi falo. Akwatin gilashi ne mai cin lita ɗari biyu, da tsakuwa a ƙasa, da fitila a sama, da ƙananan kifaye kamar ashirin. Amma duk wanda ya yaba kifayen, Baba yakan amsa da ladabi kawai, don shi tsirran da ya shuka a ciki su ne abin kallo. Akwai wani jan tsiro a kusurwar baya ta hagu da ya raina daga kara guda, shekara goma sha tara yana yanke kansa yana sake dasawa. Dattijo yake kiransa, kuma mu ma duk gidan haka muke ce masa, har jikoki sukan shigo su gaida Kaka su gaida Dattijo.

Sanadin akwatin nan na san ka, Baba. Teburin katako da yake kai ya fara lanƙwasa, ka zo shagona ka ce in ƙera na ƙarfe. Na ƙera, na kawo, na tsaya ina jiran yabo. Ka ɗora faranti ka zuba ruwa a ciki, ruwan ya karkata gefe guda, ya tona mini asiri a gaban mutanen gida. Sau uku ina mayar da teburin nan shago. A zuwa na uku 'yarka ce ta buɗe mini ƙofa tana ƙoƙarin ɓoye dariya. Daga baya kakan ce da ka san abin da zai biyo baya, da ka karɓi teburin tun a karon farko.

Ban daɗe da zama ɗan gida ba na ji kana gaya wa Mama cewa tsirranka suna ƙarancin ƙarfe. Na ce a raina, ga dama ta samu, surukina na neman ƙarfe, ni kuwa a cikinsa nake wuni. Washegari na zo da ƙusoshi masu tsatsa cike da gwangwani, na durƙusa na ajiye a gabanka, na ce a zuba wa tsirrai. Ba ka yi dariya ba, ko da yake na ga gemunka yana rawa. Ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, sannan ka zaunar da ni ka ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ka ce, "Ga ƙarfena. Naka ana yin ƙofa da shi, nawa ganye ne ke sha. Tsiro ba ya cin tsatsa, sai an narkar masa an haɗa da abin da zai riƙe shi a ruwa." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ƙafa, amma ba ka taɓa ba wa kowa labarin nan a gabana ba.

A ranar ka nuna mini yadda ake gane ƙarancin. Tsohon ganye yana riƙe abin da ya samu, ba ya bayarwa, saboda haka sabon ganye ne ke fara nunawa: sai ya fito fari-fari ko ruwan ɗorawa, jijiyoyinsa kawai ke kore. Na ɗauka ilmin akwati ne kawai, sai lokacin da matata take da cikin ɗanmu na fari. Muka zo gaishe ku, ka dube ta sau ɗaya ka ce ta matso, ka ja fatar idonta ta ƙasa ka duba, ka juyo gare ni ka ce, "Gobe da safe ka kai ta a auna jininta, kada ka ce sai ka gama aikin wani." Likita ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, da an ƙara wata guda da labari ya sha bamban. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban lura ba, na ɗauka laulayi ne.

Haka kake da kowa. Babu baƙon da ya tsaya gaban akwatin nan ya wuce minti biyar bai fita da kwalba da ɗan tsiro a ciki ba. Mai kawo wasiƙa ya samu, mai gyaran wutar lantarki ya samu, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa auna maka suga tana da kwalabe uku a tagarta. In tsiron mutum ya mutu ya dawo yana sunkuyar da kai, ba ka faɗa, sai ka tambaye shi ina ya ajiye, ruwan me ya zuba, sannan ka yanka masa wani.

Shekara huɗu da suka wuce ciwon suga ya fara cin idonka. Kana ganin haske da inuwar mutum, amma launi ya gagare ka, awon ƙarfe kuwa da launi ake yinsa. Ka rasa wanda za ka ari idonsa a duk dangi sai mai walda, mutumin da tartsatsi ya gama ƙona wa ido. Mama ta faɗa maka haka a gabana, ka ce mata ai wanda ya mayar da tebur sau uku bai yi fushi ba zai iya.

Litinin, Laraba da Asabar nakan biyo da safe kafin in buɗe shago. Kai za ka kunna fitilar akwati da lalube. Ni zan ja mililita biyu daga kwalbar ƙarfen da sirinji in zuba kusa da inda ruwa ke gudu. Mu jira kwata na awa muna shan shayi. Sai in ɗebi ruwan akwatin a 'yar kwalbar gwaji, in ɗiga maganin awo ɗigo biyar kana ƙirgawa da kunne, mu ƙara jiran minti goma, in kai bakin taga in kara da katin launi. Katin yana da gida shida, daga fari tas zuwa shunayya mai duhu. Gida na biyu muke nema, ruwan hoda mai haske ƙwarai, wanda sai ka sa farar takarda a baya kake ganinsa.

A ranar farko, ina tsaye bakin taga da kwalba a hannu, ka ce, "Mai walda, ƙarfe nawa?" Na juya hannu na dubi agogo na ce, "Bakwai da minti ashirin, Baba." Mama ta yi dariya har shayi ya zube mata a zane. Kai ma ka yi, har da tari. Tun daga ranar abin ya zama wasan gidan. In jika ya tambayi lokaci, sai wani ya amsa masa da "gida na biyu". Amma tsakanina da kai tambayar ba ta taɓa zama wasa ba. Kullum za ka ce, "Ƙarfe nawa?" in ce, "Gida na biyu." Sai ka ce, "Sabon ganye fa?" in leƙa kan Dattijo in ce, "Ja ne." Sai ka ce madalla, in ɗauki jakata in tafi aiki. Shekara huɗu muna haka, ban taɓa tambayar ka me ya sa sai bayan kwata na awa muke aunawa ba, ba a wani lokaci ba.

Ranar da za a kwantar da kai, ana riƙe da kai za a sa ka a mota, ka laluba aljihu ka ba ni makullin kabad ɗin da kwalaben suke ciki. Ka ce, "Dattijo yana hannunka." Mama ta tare a asibiti, 'ya'ya suna karɓa-karɓa, gidan ya zama ba kowa sai ni da akwati.

Makon farko lafiya lau. Sai wata Alhamis da rana na biyo in ba kifaye abinci, ƙwazo ya ɗebe ni na ce bari in auna, ko da yake jiya na zuba. Ruwan gwajin ya fito fari tas, gida na farko. Na ɗauka ƙarfe ya ƙare a ruwan. A sana'ata in haɗi bai kama ba ƙara masa ake yi, don haka na ja mililita biyu na ƙara. Washegari na auna, fari. Na zuba huɗu. Na koma zubawa kullum, har na kai shida, kuma na bar fitila a kunne tun safe har magariba wai don tsirrai su samu ƙarfi. Cikin kwana goma gansakuka ta rufe gilashi, ta yi zare-zare ta nannaɗe kowane ganye. Dattijo ya dushe, ganyensa na ƙasa suka fara ruɓewa suna zubewa. Abin da ka raina shekara goma sha tara, ni na kusa kashe shi a mako biyu, kuma ba da sakaci ba, da zuwa kullum.

Ban gaya wa kowa ba, har matata. Na ce zan gyara kafin a sallame ka. Nakan rufe shago da rana in je in zura hannu har gwiwa ina kankare gilashi, ina tsince zaren gansakuka ɗaya bayan ɗaya, washegari in tarar ta dawo.

Ranar Juma'a, kwana huɗu kafin rasuwarka, na yi awa biyu a cikin ruwan nan, daga nan na wuce asibiti kai tsaye don kada lokacin ziyara ya wuce. Kana kwance a gado na uku daga taga, ka rame, Mama na zaune a kujerar roba tana yi maka fifita. Na durƙusa na gaishe ka, ka miƙo hannu na kama. Ba ka saki ba. Ka daɗe kana shafa kan yatsuna da babban yatsanka, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka ce, a hankali, "Mai walda, ƙarfe nawa?"

Na san ƙarfen da kake nufi, Baba. Wallahi na sani. Amma akwai agogo a bangon ɗakin, sama da ƙofa. Na ɗaga kai na dube shi na ce, "Huɗu da rabi, Baba."

Mama ta yi dariya, ta ɗauka tsohon wasanmu ne na tayar don in faranta maka. Kai murmushi kawai ka yi, ka ce, "To, madalla. Lokaci ya tafi." Ka saki hannuna. Ba ka tambayi sabon ganye ba. Na fita ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, tunda ƙarfe huɗu da rabin ne. Wannan ce magana ta ƙarshe tsakanina da kai, don daga Lahadi ba ka ƙara gane mutane ba.

Na ɗauki gawarka da hannun nan, na tsaya ana ta yi mini gaisuwa ana cewa ai ni ɗa ne ba suruki ba, kowace kalma tana sukata. Mutumin da ya yi rayuwarsa bai taɓa rubuta lambar da bai gani ba, ya ari idona don ya yarda da ni, ni kuma a tambayarsa ta ƙarshe na ɓuya a bayan agogo. Na rufe akwatin da zane na ce wa masu zuwa gaisuwa don kada yara su dame kifaye ne.

Bayan kwana uku, da mutane suka ragu, matata ta kira ni ɗakinka ta ba ni takarda a ninke, da rubutun hannunta. Ta ce ranar Asabar ka sa Mama ta fita neman ruwan zafi, ka ce mata ta rubuta, kuma kada ta ba ni sai hankalina ya kwanta. Ta ce, "Ni ban gane rabin abin da yake faɗa ba, na dai rubuta." Ga abin da ke ciki:

"Mai walda. Na san hannunka shekara goma sha ɗaya, busasshe ne mai kanta. Jiya ya yi laushi, yatsu sun yanƙwane, kuma yana ƙarnin gansakuka. Mai zuba mililita biyu hannunsa ba ya jiƙewa. Na san ka auna washegari ka ga fari ka tsorata ka ƙara. Laifina ne, na ari idonka ban gaya maka dalili ba. Ƙarfe ba ya kwana a ruwa. In ka neme shi gobe ba za ka gan shi ba, wani ya shiga ganye, wani ya kwanta a tsakuwa, amma bai ɓata ba. Ka daina zubawa mako biyu. Ka canza rabin ruwa duk bayan kwana uku. Fitila awa shida kawai. Ka yanke kan Dattijo inda ya fi lafiya ka sake dasawa, sauran ka zubar, kada ka ji tausayi. Kada ka auna komai, ka jira sabon ganye. Ni ma na yi wannan kuskure, sau biyu, kuma ni da takardar shaida na yi. Ban yi fushi ba. Sannan agogon ɗakin nan yana gaba da minti goma, kowa ya sani."

Na zauna a bakin gadonka na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Matata ta buɗe kabad tana neman abin da za ta ba ni in share fuska, sai ga gwangwanin ƙusoshina a can baya, ka manna masa takarda kamar yadda kake yi wa kowace kwalba, da kwanan wata, da rubutunka na lokacin da ido yake gani: "Gudummawar mai walda."

A ranar na yaye zanen, na kira Mama na nuna mata abin da na yi, na gaya mata abin da ya faru ranar Juma'a, na karanta mata takardar. Ta dubi koren gilashin. Ta ce, "Shi ya yafe maka tun kafin ka roƙa, ni wace ce? Ɗauko bokiti." Ita ta riƙe mini tiyo a canjin ruwa na farko, tana cikin takaba, tana faɗa mini in bi a hankali kada in tsotse mata kifi.

Na bi takardarka layi-layi. Abin da ya fi mini wuya shi ne rashin aunawa da rashin ƙarawa, in zo in tsaya hannu a aljihu in tafi. Daga Dattijo kara biyu kawai na samu masu lafiya, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Ɗaya ya ruɓe a mako na farko. Ɗayan ya tsaya cak, bai mutu ba bai motsa ba, kullum in leƙa in ga yadda na bar shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi shekara arba'in da takwas tana haƙuri da kwalabe a kabad ɗin kwanukanta. Allah Ya ba ki dangana, Ya sa mu iya riƙe ki yadda ya riƙe mu. Ina yi wa 'ya'yansa biyar ta'aziyya, da jikokinsa, da ƙannensa, da tsofaffin abokan aikinsa, da duk wanda yake da kwalba da ɗan tsiro a tagarsa daga hannun Baba. Ku duba su, in sun yi yawa ku yanka ku ba wani.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi, Ka mayar masa da ganinsa fiye da da. Ya shayar da mutanen da bai sani ba ruwa mai tsabta, Ka shayar da shi daga tafkin ManzonKa. Bai taɓa tauye awo ba, Ka nauyaya masa mizaninsa ranar da ake auna komai. Ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Baba, yau Asabar, kwana ashirin da biyar da rabuwarmu. Da safe na kunna fitila, na ja mililita biyu, ban ƙara ko ɗigo ba. Mama ta kawo shayi muka jira kwata na awa, ita ta ƙirga mini ɗigo biyar. Na kai kwalbar bakin taga na kara da kati, ban dubi agogo ba. Gida na biyu ne, Baba. Sabon ganye kuma ya fito tun shekaranjiya, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, amma ja ne.

Allah Ya jiƙan ka da rahama.